Damtsen Malam Rage-Gishiri

A hawa na uku na makarantar koyon aikin likita akwai wani ɗaki mai dogayen tebura, da gadon awo, da kabad na gilashi wanda makullinsa ya daɗe da lalacewa. A nan 'yan aji biyu ke koyon awon jini, kuma a damtsen mutum ɗaya suke koyo, wato malaminsu na lafiyar al'umma. Sunansa na gaskiya yana manne a ƙofar ofishinsa, amma babu mai wahalar da bakinsa da shi. Rage-Gishiri ake ce masa, tun daga ɗalibai har masu gadi, har ma abokan aikinsa in sun tabbatar ya sha kwana.

Sunan bai zalunce shi ba. Akwai malaman da za su hana ɗalibai lemon kwalba da safe, da rana kuma su kulle ofis su sha biyu. Shi ba ya cikinsu. Abin da yake faɗa shi yake yi, kuma wannan ne ya sa zama da shi ke da wuya. Da ƙafa yake zuwa aiki, jaka a kafaɗa. Ba ya shan taba, ba ya sa sukari a shayi, soyayyen abu kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Ya haura hamsin amma cikinsa a shafe yake kamar na saurayi, yana hawa bene yana bayani, ɗalibai na biye da shi suna haki.

Duk shekara, ranar da za a fara darasin awon jini, sai ya naɗe hannun rigarsa, ya zauna, ya ɗora hannu a kan tebur, ya ce:

"Ga damtse nan kyauta. Jinina ɗari da ashirin ne bisa tamanin, tun wasunku suna goye. Duk wanda ya ji wani abu daban ya je ya wanke kunnensa."

Sai a yi dariya, a ja layi.

Aikin ba wani mai wuya ba ne a baki. Ka naɗa ɗamarar roba a damtse, ka ɗora bakin abin sauraro a lanƙwasar hannu, ka yi ta matsa 'yar robar iska har tsinken agogon ya hau, bugun jini ya ɗauke. Sai ka saki iskar a hankali. Inda ka fara jin bugu, nan ne lambar sama. Inda bugun ya ɓace, nan ne ta ƙasa. Malam yana da ƙa'ida ɗaya da yake ƙarawa: kada a matse hannun mutum kamar ana matsar wanki, a wuce abin da ake tsammani da talatin, a tsaya. Tunda ya riga ya faɗi abin da za a yi tsammani, kowa sai ya kai tsinken ɗari da hamsin ya tsaya. Agogon yana fuskantar ɗalibi, shi kuwa Malam yana fuskantar aji, yana ta bayanin illar gishiri da zaman wuri ɗaya, hannunsa na can ana aiki a kansa kamar ba nasa ba.

Makarantar tana duba lafiyar ma'aikatanta lokaci-lokaci, amma shi ba ya zuwa. In an yi masa magana sai ya ce, "Mutum nawa kuka sani da aji guda ke auna shi duk shekara? Ku bar wa masu tumbi layin."

A ajin bana akwai 'yar ƙanwarsa, wadda 'yan aji ke kira Bahaguwa saboda da hagu take komai. A gidansa ta girma. Tana 'yar sakandare mahaifiyarta ta yanke jiki ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta daɗe a asibiti ba ta cika. Hawan jini ne, aka ce. Kawun ya ɗauko yarinyar ya haɗa da 'ya'yansa, 'ya'yan suka girma suka watse, ita ta rage. Ba mai yawan magana ba ce, kuma a aji ba ta taɓa nuna ta san shi fiye da kowa ba.

Da layi ya zo kanta, ta naɗa ɗamarar, ta sa abin sauraro a kunne, ta matsa iska har ɗari da hamsin, ta tsaya kamar yadda aka koya mata. A nan ya kamata ta ji shiru. Ba ta ji shiru ba. Bugu ta ji, tas-tas, mai ƙarfi. Ta gyara zaman abin a kunnenta, bugun yana nan. Ta ƙara iska, ɗari da sittin, ɗari da saba'in, yana nan. Sai da tsinken ya wuce ɗari da casa'in sannan bugun ya ɗauke.

Malam ya yanke maganarsa ya waiwayo. "Ke, hannun nan fa ina da sauran amfani da shi."

Aji ya kwashe da dariya. Ta saki iskar. Bugun ya dawo sama da ɗari da tamanin, bai ɓace ba sai wajen ɗari da goma.

"Nawa?" in ji shi.

Ta dubi agogon, ta dubi mutum tamanin da ke kallonta. Waɗanda suka riga ta duk amsa ɗaya suka ba da.

"Ɗari da ashirin bisa tamanin, Malam."

"Madalla. Na gaba."

Ta koma kujerarta da kunya da tsoro, tsoron ya fi yawa. Ta san irin lambar da ta ji, domin ta taɓa jin likitoci suna faɗin makamanciyarta a bakin gadon mahaifiyarta.

Da farko kanta ta zarga, kamar yadda duk ɗan koyo na kirki zai yi. Ta aro na'urar wata ƙawarta mai tabarau, ta bi mutane da ita. Ta auna ƙawar, ta auna mai shagon bakin layi, ta auna wata maƙwabciya mai ciki. Kowa ya ba ta lamba mai ma'ana, bugu yana zuwa inda ya dace, yana tafiya inda ya dace. Ta auna matar kawun, wadda take kira Inna, mace mai jiki da son daɗin baki, wadda ta shekara da shekaru tana ɓoye gishirinta a gwangwanin ganyen shayi tana barbaɗawa a nata kwanon in maigida ya juya baya. Jinin Inna lafiya lau.

"Kin gani ko?" in ji Inna, tana warware hannun riga. "Kada dai ki gaya masa, ya ce na'urar ce ta lalace."

"Inna, Kawu yana kukan wani ciwo kuwa?"

"Kawunki? Ai shi ciwo ma tsoronsa yake ji." Ta ci gaba da tsince shinkafar da ke cikin tirenta. Can ta ce, "Sai dai da safe ina ganinsa yana dafe ƙeya. In na tambaya ya ce makin takardu ne. Me ya faru?"

Ta gaya mata. Inna ta ajiye tiren.

"To ni ba zan faɗa masa ba, don na san amsata. Zai ce a ina na yi karatun likita. Ke ce ɗalibarsa, ke ce 'yarsa. Amma ki shirya, wanzami ba ya son jarfa."

Ta same shi ranar hutu da safe, ya dawo daga tattaki, yana zaune a baranda yana cire takalmi, ga kofin shayinsa ba sukari a gefe. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye na'urar a kan tabarma.

"Kawu, rannan a aji ƙarya na yi. Ba ɗari da ashirin na ji ba."

"Nawa kika ji?"

Ta faɗa masa. Ya yi dariya sosai, irin ta mutumin da aka kawo wa tsohon labari.

"Kunnen sabon shiga ke nan. Kina jin motsin yatsunki a kan roba, kina jin naki bugun, kina jin takun mutane a bene. Kowa da haka ya fara. Ni kaina na taɓa auna wani tsoho na ce ba shi da jini sam, alhali yana zaune yana zagina."

"To bari in sake, Kawu. Ga shi nan babu hayaniya."

"Yanzu na dawo daga tafiya, ai kin san ba a awo a haka."

"In jira ka huta."

"In na huta ina da takardu." Ya ɗauki shayinsa ya kurɓa, ya dube ta ta saman kofin, muryarsa ta yi laushi. "'Yata, na san abin da ke damunki. Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, babu yadda ban yi da ita ba. Na ce ta rage gishiri, na ce ta riƙa motsa jiki, ta ce in ƙyale ta da iyayina. Ni ban bi hanyarta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tashi ki je ki yi karatu."

Ta tashi. Maganar ta yi mata zafi, domin ta sha jin mahaifiyarta a bakinsa a cikin aji, ba da suna ba, "wata mata da na sani," misalin wanda bai ji magana ba. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne, shi da kansa ya koya musu cewa ciwon nan yana bin jini a dangi, kuma ba ya sallama kafin ya shigo. Ya ma kawo shi a jarrabawar gwaji.

Washegari ta sami 'yan ajinsu a bayan kantin makaranta, inda suke fakewa su ci soyayyen dankali su kora da lemo mai hana barci, ɗaya na leƙen hanya ko Malam zai ɓullo. Shugaban aji, wani dogo mai son a ce ya iya, yana tsakiya. Ta tambaye su kai tsaye, kowa me ya ji a damtsen Malam.

"Ɗari da ashirin bisa tamanin mana," in ji Dogo.

"Ban ce me ka faɗa ba. Me ka ji?"

Mai tabarau ce ta fara magana. "Ni dai tun ina ɗari da hamsin nake jin bugu. Na ɗauka na juya abin sauraron ne."

"Ni ma haka," in ji wani. "Na ce ko kunnena ne."

"Ni wallahi ban ma saurara ba," in ji wani yana lasar yatsa. "Yayana ya yi ajin nan, shi ya ce min in na zo kan Rage-Gishiri kada in wahalar da kaina, amsar ɗaya ce. Su ma haka na gabansu suka gaya musu."

Dogo ya goge baki. "To ke me kike so a yi? Mutumin da ke hawa bene a guje, mu muna mutuwa a bayansa, shi za mu ce wa yana da hawan jini? Mu da ko allura ba mu iya ba? Gwajin aiki saura kaɗan, shi ke riƙe da maki. Bin na gaba bin Allah. Ki bari mu haye tukuna."

"In ya faɗi kafin mu haye fa?"

"Haba, bakinki ya sari ɗanyen kashi," in ji Dogo, ya miƙa mata dankali. Ba ta karɓa ba.

Babu mugu a cikinsu. Kowannensu ya ji abin da ta ji, kowannensu kuma ya yanke cewa tsakanin kunnensa da bakin Malam, kunnen ne mai laifi. Haka aka yi ta yi aji bayan aji, ana auna mutumin da aka fi kowa aunawa a makarantar, ba a taɓa gaya masa sakamakon ba.

Ranar gwajin aiki ta zo. Tsarin bai canza ba, sai dai yau akwai maki: wanda ya kauce wa amsa da fiye da goma zai maimaita sashen. Malam ya zauna, hannu a tebur, biro a ɗaya hannun. Dogo ya fara, ya yi komai cikin ƙwarewa, har da ɗan karkata kai irin na manyan likitoci, ya faɗi amsar, ya wuce. Layi ya yi ta tafiya. Wani mai wayo ya ce ɗari da ashirin da biyu, don a san shi da gaske ya saurara.

Bahaguwa ta zo. Sai da ta naɗa ɗamarar sau biyu. Ta matsa iska, ta wuce ɗari da hamsin ba ta ko tsaya ba. Malam ya yamutsa fuska. Ta saki, ta saurara, ta cire abin daga kunne.

"Nawa?"

"Ɗari da tamanin da shida bisa ɗari da goma, Malam."

Wani ya yi 'yar dariya a baya, ya haɗiye ta da ya ga shi kaɗai ne. Malam ya ajiye biron.

"Kin san abin da wannan amsar za ta jawo miki?"

"Na sani."

"Kina so ki sake?"

"Ko na sake, abin da zan ji ke nan."

Ransa ya ɓaci, an gani a fuskarsa. Ba a saba yi masa gardama a ɗakin nan ba, balle daga 'yar da ya raina da hannunsa. Amma shi malami ne kafin komai, kuma ba ya kayar da ɗalibi sai ya nuna masa inda ya yi kuskure. Ya ce wa Dogo ya buɗe kabad ya ɗauko abin sauraro mai kunnuwa biyu, wanda malami da ɗalibi ke sawa tare su ji abu ɗaya. Yakan yi amfani da shi in ɗalibai suna auna junansu suka yi saɓani. A kan nasa damtsen bai taɓa ganin dalilin ɗauko shi ba.

"Ku matso ku gani," ya ce wa aji. "Yau za ku ga yadda kunne ke yaudarar mai shi."

Ya sa nasa ɓangaren, ta sa nata. Ya juyo da agogon yadda su biyun za su gan shi.

"Matsa. In kin kai ɗari da hamsin ki tsaya."

Ta matsa, ta tsaya. Bugun ya cika kunnuwansu su biyu, tas, tas, tas. Malam ya kai hannu ya gyara bakin abin sauraron da kansa, ya danna shi daidai kan jijiya. Bugun ya ƙara fitowa. Ta dube shi tana jiran umarni, bai ba da ba, idonsa na kan tsinken. Sai ta ci gaba da matsawa. Wannan karon bai ce komai game da hannunsa ba. Shiru bai zo ba sai can sama. Ta saki iskar a hankali, a hankali, suka ji bugun ya dawo tare, suka bi shi har ya ɓace.

Ya cire abin daga kunnensa ya ajiye a tebur. Ya ɗaga kai ya nemi Dogo.

"Kai, ɗazu me ka ji?"

"Ɗari da ashirin bisa tamanin, Malam."

"Ka tabbata?"

"Tabbas, Malam."

Ya tambayi na kusa da shi, amsar ɗaya. Ya tambayi mai tabarau, ta sunkuyar da kai. Ya buɗe baki zai yi faɗa, faɗan bai fito ba, domin ya san wanda ya ba su amsar tun kafin su taɓa na'urar. Tsoro ya kama shi, irin wanda ya daɗe yana gani a fuskokin mutane a asibiti yana ba su haƙuri.

"To," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Yanzu me ake yi?"

Hannuwa suka tashi a ajin, kusan goma, don sun ɗauka tambayar gwaji ce. Bai dube su ba. Ita yake kallo.

"A bar mutum ya zauna ya huta," ta ce, "ba magana, ba motsi. Sai a sake aunawa a ɗaya hannun."

"In ya sake fitowa haka?"

"Ya ga likita yau, ba gobe ba."

Ya naɗe ɗaya hannun rigar, ya jingina da kujera, ya sa ƙafafunsa a ƙasa kamar yadda yake koya musu a sa majiyyaci ya yi. Aji guda ya tsaya yana kallon Malam Rage-Gishiri yana zaune bai ce uffan ba, abin da babu wanda ya taɓa gani. Da ta ga ya isa, ta naɗa ɗamarar, suka sake sa abin sauraron tare. Ta matsa, ta saki.

"Faɗa musu," in ji shi.

"Ɗari da tamanin da huɗu bisa ɗari da goma."

"Ni ma haka na ji."

Ya sauke hannun rigarsa, ya yi ta neman ramin maɓallin, yatsunsa suka ƙi ba shi haɗin kai. Ta sunkuya ta ɓalla masa. Ya miƙe, ya ce wa Dogo a tattara kayan a mayar kabad, gwajin sai wani lokaci. A bakin ƙofa ya tsaya, ya juyo wajenta, ya rage murya.

"Kira Innarki. Kada ki tsorata ta. Ki ce mata ina ƙasa, a layin marasa lafiya, in ta samu dama ta zo ta zauna da ni."